Sandar da Aka Ce In Riƙe a Paris

Shekarun baya na tafka wata wauta a bainar jama'a, kuma kafin wani ya riga ni faɗa, gara ku ji daga bakina: wawan wannan labari ni ne. Da yaro ne ya yi ta da sai a ce ƙuruciya. To dattijo ne mai furfura a gemu, cikin babbar rigar shadda da aka goge musamman domin ranar.

Ni mutumin Damagaram ne. Lakwal, wato makarantar boko, aji huɗu na yi, mushe malaminmu ya gaji da ni, ni ma na gaji da shi, muka rabu lafiya. Abin da na ƙware a kai tun ina saurayi shi ne kokowa, ina nufin kallonta. In kun ji ina ba matasa labari a ƙofar masallaci cewa na yi zamanina a fage, gaskiyar ita ce sau uku na shiga. Biyu aka kayar da ni, na uku ruwan sama ya raba mu, kuma har yau ina ƙirga shi cikin nasarorina. Amma ido kam ina da shi. Tun daga tsayuwar mutum nake gane wanda zai sha ƙasa. Daga baya rabo ya kawo ni Faransa, na yi shekara talatin da ɗoriya a izin, wato masana'antar sinadarai da ke Saint-Fons, gefen Lyon. A nan ni da Hajiya muka haifi ƴaƴanmu.

Ɗanmu na fari ya taso ƙato, irin wanda in ya tsaya a ƙofar falo sai an kunna fitila. Da ya shiga jami'a a Lyon sai ya haɗu da wasu ɗalibai kamar ashirin, suka ce za su kafa ƙungiyar ƙwallon Amurka, wannan da ake runguma a ƙirji a ruga da ita, mai siffar gwanda, ana sa kwalkwali da sulke kamar masu fita yaƙi. Jami'ar ba ta taɓa yin irinta ba, su ne na farko. Yau in ka je za ka tarar suna da filinsu, da ɗakin kaya, da riguna iri ɗaya, har da ƙungiyar mata. A wancan lokaci kwalkwalinsu na gwanjo ne, kuma bai ishe su ba. Wanda ya fito daga fili sai ya cire ya miƙa wa mai shiga da zufar a ciki. Mai horar da su wani malamin lissafi ne da ya taɓa zama Kanada. Lambobin rigunansu kuwa Hajiya ce ta ɗinka da kekenta, a tsakiyar falonmu, har na yi mako biyu ina shan shayi a tsaye.

Ofishin wasanni na jami'a ya ba su aron filin zari-ruga, ran Alhamis da yamma, na shekara ɗaya tak. Aka ce musu akwai wasu masu son filin, saboda haka in shekara ta cika za a duba a ga ko sun cancanta. Yaran suka dage, suka yi ta cin wasa, har suka kai wasan ƙarshe da wata tsohuwar ƙungiyar jami'a a Paris. Shugaban ofishin ya ce da kansa zai je ya gani. Kowa ya fahimci abin da ake nufi: in sun ci, fili nasu, in sun sha kaye, su nemi inda za su.

Duk shekarar nan ban taɓa zuwa kallonsu ba. Ba ƙin abin nake yi ba, ɗan fari ne. A wajenmu ba a kiran sunan ɗan fari, ba a yabonsa a gaban mutane, ba a nuna an damu da shi. Mahaifina har ya koma ga Allah ban ji ya kira yayana da suna ba. Ni ma "kai" nake ce wa nawa, ko "wannan yaron". Shi kuwa a Lyon ya tashi, inda uba ke sumbatar ɗansa a bakin lakwal don ya zana doki mai ƙafa biyar. Na san yana ganin wannan, yana kuma ganina. Ban taɓa yi masa bayani ba, domin bayanin ma rashin kunya ne.

Ana saura kwana biyu Hajiya ta ce, "Malam, Paris ɗin nan za ka."

Na ce, "Ina da aiki."

Ta ce, "Ran Asabar ne. Na goge maka riga."

Wanda ya yi aure ya san magana ta ƙare ke nan.

Na bi su cikin kar, wato doguwar motar da ta kwashe su, na zauna can gaba kusa da direba don kada a ce tare muke. A hanya na kira wani abokina da ke zaune a Sevran, tare muka yi ƙuruciya a gida, yana aikin ɗaukar nama a kasuwar Rungis. Ya ce daga aiki yake ko runtsawa bai yi ba, amma zai zo ya ga abin da zuriyata ta zama.

Filin yana bayan gari, da ƴan benci, da igiya da aka ja don tsare masu kallo. Muna isa sai na ga mai horarwa da alƙalin wasa suna ta nuna hannu. Can sai ga yaron ya nufo ni, kwalkwali a hammata. Tun da ya girma ban tuna ranar da ya roƙe ni wani abu ba.

Ya ce, "Baba, mutum ɗaya ya rage a masu riƙon sarƙa. Za ka iya riƙe mana sanda?"

Ya yi mini bayani. A wasan nan ana ba ƙungiya dama huɗu ta ci taku goma zuwa gaba. Takun goman nan da sarƙa ake auna shi, mai sanda a kowane kai, mutum biyu na riƙe da su a bakin layi.

Ya ce, "Aikinka ɗaya ne. Ka tsaya inda alƙali ya tsayar da kai. In ka ga ƴan wasa sun nufo ka, ka saki sandar ka ja baya. Ban da wannan, tu ne bouges pas. Kada ka motsa, Baba."

Na ce, "Kai, shekara nawa ina gadin tukunyar da in ta fashe rabin Lyon za ta tashi? Sanda ce za ta gagare ni?"

Aka rubuta sunana a takardar ƙungiyarsu, aka ɗora mini wata ƴar shara mai ƙyalli a kan babbar riga. Ɗaya sandar wani siririn Bature ne mai tabarau ya riƙe, daga ganinsa irin mutanen nan ne da in aka ba su doka sai su riƙe ta har kabari. Abokina ya iso, ya tsaya a bayana daf da igiya yana cin goro.

Aka fara wasa. Ashe su ƙattin nan biyar da ke sahun gaba, cikinsu har da nawa, ba su taɓa ƙwallo, sai na tsakiyarsu da ke miƙa ta baya. Kowane zagaye sai su duƙa, hannu ɗaya a ƙasa, a yi wata kuwwa, su yi karo da ƙattin wancan ɓangare, a busa usur, su tashi su sake duƙawa.

Abokina ya ce, "Wai shi naka ɗin, ƙwallon haramun ce gare shi?"

Na gyara riƙon sandata.

Ya ce, "Tun daga Sevran na taso ba barci, in zo in ga ɗanka yana durƙusa wa Turawa. Da ka ce mini ruku'u ake koya musu a jami'ar, da na turo nawa."

Na ce, "Ina bakin aiki, ba a yi mini magana."

Gaskiya da farko kunya ta kama ni. Amma da aka daɗe sai idona ya bar bin ƙwallo, ya koma tsakiyar fili, na ga abin da mutane ba su kallo. Kokowa ce ake yi a wurin, ta gaske, sai dai an lulluɓe ta da sulke. Akwai sanya ƙafa, akwai sauke ƙugu, akwai neman shigar da hannu ta ciki. Wanda aka haɗa da yaron wani basamude ne da ya fi shi tsawo da kauri, kuma tun da aka fara yake tura shi baya. Sai na lura basamuden nan in zai taso duk nauyinsa a kan yatsun ƙafa yake zubawa. Na dubi yaron, na ga shi ma ƙafafun yake kallo. Ban taɓa koya masa wannan ba. Ban san inda ya samo ba.

Lokaci ya kusa cika, ƴan Paris na gaba da maki kaɗan, irin wanda in aka kai ƙwallo ƙarshen fili sau ɗaya an wuce su. Aka duƙa. Aka yi kuwwa. Basamude ya taso kamar kullum, yaron ya sauke ƙugu, ya shige ƙarƙashinsa, ya ɗaga shi har na hangi sararin sama tsakanin takalmansa da ciyawa, ya maka shi rigingine. Kaye irin wanda ba ya bukatar shaida. A Damagaram a daidai nan ne makaɗa ke ɓarkewa, jama'a su kwararo fage su ɗauki gwani a kafaɗa. An gama ke nan, babu sauran wasa bayan kaye.

Ban tuna lokacin da na yanke shawara ba. Sai dai na ji ni a cikin fili da gudu, riga na kaɗawa, sanda a sama kamar mashi, ina kirari: "Sai kai, bijimin gidana, gagara-ture!" Kuma na kira sunansa. Shekara ashirin da biyu ban kira ba, ran nan na kira shi da ƙarfin da na tabbata an ji a Sevran.

Abin da ban gani ba shi ne, ta ƙofar da yaron ya buɗe, mai gudunsu ya fito da ƙwallo ya karkato gefenmu, babu kowa a gabansa sai filin Allah. Ni kuma sanda ce a hannuna, sandar kuma da sarƙa a gindinta. Baturen nan mai tabarau, da ya ji ana jan sarƙa, sai ya dafe tasa sandar da hannu biyu ya turje, don an ce masa kada ya motsa. Sarƙa ta miƙe, ta tashi daidai ƙwauri. Mai gudu ya zo ya harɗe, ya tafi sama, ya dawo ƙasa.

Alƙalai suka yi ta jefa ƙyallayensu masu ruwan ɗorawa, alamar an yi laifi. Suka haɗa kai suka yi shawara. Da wani baƙo ne ya yi, da wataƙila an ba yaran makinsu. Amma sunana na cikin takardar Lyon, saboda haka laifin nasu ne. Aka mayar da su baya, suka gwada sau ɗaya bai yi ba, aka busa tashi. Mai gudun, alhamdu lillahi, ƙwaurinsa kawai ya ɗan ƙuje. Na hango shugaban ofishin wasanni ya rubuta wani abu a ɗan littafinsa, ya gyara kwat, ya nufi motarsa.

Yaron ya cire kwalkwali ya dube ni. Ya juya ya bi sauran. Da ya zage ni da Faransanci da ya fi mini sauƙi.

Abokina ne ya tsallako igiya, ya zare sandar daga hannuna a hankali. Ya ce, "Kawo, Malam, kada ka ƙarasa sauran."

Daga Paris zuwa Lyon babu wanda ya yi tari a cikin kar ɗin nan. Da Hajiya ta ji labari sai ta ajiye abin da ke hannunta ta ce, "Shekara ashirin da biyu kana riƙe da bakinka, ka rasa ranar da za ka sake shi sai ranar da aka ce ka riƙe sanda."

Bayan ƴan makonni takarda ta zo musu. An ba wasu filin. A ciki har an ambaci cewa ƙungiyar ba ta iya tsare mutanenta a bakin layi ba. Mutanen nan da ake nufi mutum ɗaya ne, kuma yana nan yana ba ku labari. Yaron ya daina zuwa cin tuwon Lahadi. Wata biyu uwarsa na zuba nasa a kwano tana rufewa, tana ajiye kwanon inda zan gani.

A bayan izin akwai wani tsohon filin tamola na kwamitin ma'aikata, ciyawa ta cinye shi, ragar ta yi tsatsa. Na je wajen shugaban kwamitin na ce ina son aro. Ya ce na mene ne? Dole na ba shi labari. Ya yi dariya har ya cire tabarau, sa'an nan ya ce sai an kai maganar gaban sauran. Sauran kuwa a kantin cin abinci suke. Aka miƙo mini sandar tsintsiya aka ce in nuna yadda na yi. Na nuna, har da kirarin. Mutanen da na yi shekaru ina yi musu fuskar dattako suka riƙa dukan tebur. Wannan shi ne kuɗin filin, kuma na biya. Da wani ɗan Aljeriya da wani ɗan Fotugal abokan aikina muka yanke ciyawa, muka ja layi da farar ƙasa, Asabar uku a jere.

Na ɗauki mabuɗi na je ɗakin da yake haya kusa da jami'a. Ya buɗe ƙofa, ya gaishe ni kamar yadda ake gaida mai karɓar haraji.

Na ce, "Ga mabuɗi."

"Na mene ne?"

"Fili. In iska ta juyo daga izin yana ɗan wari, amma fili ne."

Ya juya mabuɗin a tafinsa, ya daɗe yana kallo. Can ya ce, "Baba, ran nan a Paris, sunana na ji ka kira?"

Na ce, "Iska ce."

"Da ƙarfi na ji."

"Paris akwai iska."

Ya yi ƙoƙarin danne dariya bai iya ba. Ya ce, "Amma ka ga yadda na ɗaga shi?"

Na ce, "Ƙafarka ta hagu ta yi baya da yawa. Da a gida ne da an taɗe ka."

Lahadin da ta biyo ya zo, ya cinye nasa, ya ƙara.

Shekara biyu suka yi a filin bayan izin. A nan ƙungiyar ta yi ƙarfi, sababbin ɗalibai suka yi ta shigowa, har jami'a ta ga abin ya girma ta sake kiransu. Duk wasan da aka yi a gida ni ne mai sanda. Ban ƙara motsawa ba. Akwai ranar da ƙudan zuma ya sauka a kan hancina ya yi alwala ya tashi, ban ɗaga hannu ba.

Yanzu da na ajiye aiki ina yawan tuna wannan rana. Ba zan ce alkunyarmu aibu ce ba. Ita ta hana mu kumbura ƴaƴa har su fashe, kuma wanda ya tashi a cikinta yakan gane so ko ba a furta ba, daga yadda aka tura masa tsokar nama ba tare da an dube shi ba. Amma yaron nan ba a cikinta ya tashi ba, ni kuma na yi ta yi masa magana da harshen da ban koya masa ba. Ruwan da aka daɗe ana tarewa, ranar da zai ɓalle ba ya tambayar gonar wa ke gaba. Da na riƙa cewa madalla ko sau ɗaya a shekara, da ban kwashe ta shekara ashirin da biyu na juye a kan ƙwaurin ɗan mutane ba. Har yau "kai" nake ce masa. Sai dai yanzu in na ce, yakan yi murmushi, don ya san akwai suna a bayanta.

Bara ƙungiyar ta ce za ta tattara tarihinta a ɗan littafi, aka ba yaron, wanda yanzu shi ma uba ne, ya rubuta na shekarun farko. Ya zo ran Lahadi, ya ajiye waya a kan tebur tana ɗaukar murya, ya ce in faɗi abin da na tuna. Na gyara zama, na gyara hula, na yi gyaran murya.

Na ce, "Rubuta. Lokacin da jami'a ta juya musu baya, ba su da ko taku ɗaya na ƙasa, sai wani dattijo mutumin Damagaram, mai hangen nesa, ya samo musu fili. Ba don shi ba da yau babu ƙungiyar."

Ya ce, "To na Paris fa, Baba?"

Na ce, "Tarihi ba ya son tsawo. A taƙaita."

Hajiya tana tsaye a ƙofar madafa da ludayi a hannu, ashe tana ji. Ko kallona ba ta yi ba, ɗanta ta duba.

Ta ce, "Kai, rubuta yadda ya ce. Amma ka ƙara a ƙasa cewa wanda ya fasa randa, in ya dawo da ruwa a moɗa, ba a naɗa shi sarkin ruwa."